Inshorar gona a Damagaram: wace iri ce ke akwai, kuma me take biya?

Ɗan Mirya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya ce ga waɗanda suka san harkar. Ƙungiyar manoma ce ta mutum 40 a yankin Mirya, hatsi da wake galibi, wasu da ɗan riɗi da gujiya. Ana shirin ɗaukar bashin iri da takin zamani, amma mutane suna tsoron shekarar da ruwa zai ɗauke ya bar su da bashi babu ko dami ɗaya a rumbu. An ce akwai inshorar gona da gwamnati ke sa hannu a ciki. Wace iri ce, ina ake zuwa, nawa ake biya a kan hekta, kuma in gona ta lalace wa ke zuwa ya gani? Dattawan ƙungiya kuma sun ce a tambayo musu ko halal ce. Ni ne sakatare, ni za a tsare da tambayoyi ranar taro.

Malamin Gona

Wa alaikumus salam, sakatare. Abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya, shi ya sa zancen ke rikicewa a dandali.

Akwai wadda ƙasa ke saya wa kanta. Tarayyar Afirka ta kafa hukumar ARC a 2012 don haka: gwamnati ta biya kuɗin shekara, in lissafin ruwan sama na tauraron ɗan Adam ya nuna fari ya kai wani mizani, sai a biya ƙasar. Nijar tana cikin waɗanda suka fara shiga. Bayan daminar 2014 an biya Senegal da Muritaniya da Nijar kimanin dalar Amurka miliyan 26 a farkon 2015, rabon Nijar wajen miliyan 3 da rabi. Kuɗin ba ya zuwa da sunan manomi, agaji ake yi da shi bisa tsarin da aka amince da shi tun kafin farin. Babu takardar da ƙungiyarku za ta cika a nan.

Na biyu ba inshora ba ne, amma shi ya fi isowa ƙauye, wato tsarin ƙasa na rigakafi da magance ƙarancin abinci. Bayan girbi ana fitar da jerin garuruwan da giɓinsu ya kai kashi 50 cikin 100 ko fiye. Da irin wannan jeri ake tsara sayar da hatsin OPVN, wato rumbun abinci na ƙasa, a farashi mai rahusa, da rabon abinci ga marasa ƙarfi, da aikin gyaran ƙasa don kuɗi, da irin shuka na gaggawa. Ba a biyan ko dala don shiga, amma akwai aikin da ke kanku. Gidan gona, wato ofishin noma na gwamnati, yana aika rahoto duk kwana 10 a cikin damina. In fari ya tsaya muku, ko fara ta sauka, ko murzuna ta shiga zangarniya, ku sanar da malamin gona na komin a cikin satin, ya zo ya gani ya rubuta, maigari ya shaida. Ɓarnar da ba a rubuta a watan Agusta ba, da wuya a karɓi zancenta a Nuwamba.

Na uku shi ne abin da kake tambaya: manomi ya biya, a biya shi. Senegal tana da kamfaninta na inshorar noma, CNAAS, tun 2008, gwamnati na ɗauke rabin kuɗin. Najeriya ma tana da NAIC, shi ne mutanen Magarya da Dungas ke ji a rediyoyin ƙetaren iyaka, sai dai gonakin can yake rufewa, ba na wannan gefen ba. A wajenmu abin ta hannun furoje, wato shirin tallafi, yake zuwa: a zaɓi wasu komin, a kawo kamfanin inshora, a ɗauke wani kaso na kuɗin, sau da yawa a liƙa shi a jikin bashi. Saboda haka kafin zancen farashi, fara da sanin ko komin ɗinku na cikin waɗanda aka zaɓa bana. Ka tambaya a gidan gona na Mirya, da zauren manoma na jiha, CRA, wanda ke ƙarƙashin RECA, haɗakar zaurukan manoma ta ƙasa, da kuma wurin mai ba ku bashin, bankin noma na BAGRI ne ko asusun ajiya da lamuni. Ka je a watan Maris ko Afrilu da takardar amincewar ƙungiya, sunayen mambobi, faɗin gonar kowa da lambar wayarsa. Rajista tana rufewa kafin ruwa ya sauka, don babu kamfanin da zai sayar maka bayan kowa ya ga kamun ludayin damina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kula kada a rikita wannan da FISAN, asusun tallafa wa noma da aka kafa a 2017. Tsarin da aka fi saninsa da shi, manomi ya kawo kashi 10, a tallafa da 40, banki ya ranta 50, galibi don kayan aiki irin rijiya da injin ban ruwa. Tallafin bashi ne. In damina ta ƙi, kashi 50 ɗin yana nan a wuyan mai shi.

Mai Lissafi

Malam ya share fage. Ni zan tsaya a kan "wa ke zuwa ya gani", don nan rigima take tashi. Amsar ita ce babu mai zuwa. Aika mutum ya auna ɓarnar hekta ɗaya a bayan Droum ya fi kuɗin inshorar kanta tsada, shi ya sa abin da ake sayar wa ƙananan manoma a Sahel inshorar ma'auni ce. Ruwan da ya sauka ake aunawa, ko da ma'aunin ruwa da aka kafa a gari, ko da tauraron ɗan Adam. In ya gaza adadin da aka rubuta, duk wanda ya yi rajista a yankin a biya shi daidai da kowa a kan hekta, ko gonarsa ta yi ko ba ta yi ba. In bai gaza ba, babu wanda za a biya, ko da gonarsa ta ƙone ƙurmus.

Ga misali, alƙaluman nawa ne don a gane lissafin, ba farashin kowa ba ne. A ce inshora ta rufe jika 50 (sefa dubu 50) a kan hekta, wato iri da taki da magani da ƙwadago. A ce kuɗin inshora kashi 10 ne, jika 5, furoje ya ɗauke rabi, manomi ya biya jika 2 da rabi. Ku 40, hekta ɗaya kowa, jika 100 ke nan kun rufe miliyan 2.

Daminar akan raba ta zango-zango. A ce zangon shuka da tsiro yana ɗauke da kashi 30 na kuɗin, zangon girma 30, zangon da hatsi ke ciki ya fid da kai ya yi bununi ya zuba ido 40, wato jika 20. Kowane zango yana da lamba biyu: inda biya ke farawa, da inda yake cika. A ce na ƙarshen yana farawa in ruwa ya gaza milimita 100, ya cika in ya tsaya a 40 ko ƙasa. Aka samu 70: rabin hanya ke nan, a biya jika 10. Aka samu 95: ƙasa da jika 2. Aka samu 101: babu komai. Mutumin da aka gaya wa "in fari ya zo za a ba ka jika 50" ya ga jika 10, cewa zai yi an cuce shi, alhali abin da takarda ta ce ke nan. Cikakken biya sai shekarar da duk zangon uku suka mutu, ita kuwa ba ta cika zuwa ba.

Wurare huɗu ne ya kamata ka sa yatsa a kansu a cikin takardar. Yaushe agogon ke farawa? Wasu tsare-tsaren rana ce tsayayya a kalanda, wasu kuma sai ruwan shuka ya sauka, abin da masana yanayi suka saba ɗauka wajen milimita 20 cikin kwana 1 zuwa 3. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a nan. Irin hatsin nan HKP yakan fid da kai wajen wata 2 bayan shuka. Wanda shukarsa ta Yuni ta mutu ya sake a tsakiyar Yuli, hatsinsa zai nemi ruwa a tsakiyar Satumba, wataƙila lokacin takardar ta riga ta rufe lissafi.

Sai zancen ruwan dare ɗaya. Ruwa ya zuba milimita 90 a dare guda, sannan sama ta yi shiru kwana 20. A jimla ruwa ya isa, a jigawa kuwa ya nutse ya wuce saiwa, shuka ta yi yaushi. Tsari mai kyau yana sa iyaka ga abin da za a ƙirga a kowane kwana 10, ko kuma ya ƙirga kwanakin da aka jera babu ruwa. In jimla kawai takardar ke dubawa, ba ta san daminar Damagaram ba.

Na uku, ina ake aunawa? In ma'aunin ruwa ne, a wane gari yake, kilomita nawa daga gonakinku, wa ke karantawa, kuma me za a yi in ya lalace a tsakiyar Agusta? In tauraro ne, shi ba ɗigon ruwa yake gani ba, sanyin saman gajimare yake aunawa ya ƙiyasta, a fili mai faɗin kilomita 4 ko 5 ko 10 gwargwadon wanda ake amfani da shi. Hadarin da ya haɗu ya yi baƙi sannan iska ta watsa shi, yana iya shiga lissafi a matsayin ruwa.

Na huɗu, dokar CIMA, hukumar da ke kula da harkar inshora, wadda Nijar ke bi tare da sauran ƙasashen yankin, sashe na 13 ya ce inshora ba ta fara aiki sai kuɗi ya shiga hannun kamfani. In shugaban ƙungiya ya tara kuɗi ya ajiye a aljihu yana jiran mutum 3 da ba su kawo ba, har rana ta wuce, ba ku da komai. Ku karɓi rasit da lambar yarjejeniya, ku kuma nemi shaidar cewa kason furoje shi ma ya shiga.

Gwajin da ya fi kowanne: ku zaunar da dattawa su lissafa munanan shekaru na garinku, irin su 2004 da 2009 da 2011 da 2021 da duk wadda ta taɓa ku ku kaɗai. Sannan ku ce wa mai kawo tsarin ya nuna abin da ma'auninsa zai biya da a ce yana aiki a waɗannan shekarun. Suna da wannan lissafi, da shi suka yanka farashi. In cikin munanan shekaru 5 guda 2 kawai ya kama, ku riƙe kuɗinku.

Ɗan Mirya

Allah ya ƙara basira. Ke nan in fara ce ta cinye, ko tsuntsu, ba a biya?

Ɗan Damargu

Ba a biya, ɗan uwa, in dai ta fari ce. Fara, jan baki, murzuna, darɓa a wake, ƙuduji, iskar da ke binne tsiro da rairayi, shanun da suka kwana a gona, babu ɗaya da ma'aunin ruwa ya sani. Ambaliya ma haka. Daminar 2024 da ta kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, mai fadama a Korama da ruwa ya shanye masa gona ba zai ga ko dala ba a inshorar fari, don a takarda shekarar albarka ce.

Akwai wani nau'in da ya fi kama irin wannan ɓarna, wanda ke bin amfanin yanki. Lokacin girbi a zaɓi gonaki ba tare da son rai ba, a yanka ƴan murabba'ai a ciki, a girbe, a sussuka, a auna, a fitar da matsakaicin abin da hekta ta bayar a yankin. In ya faɗi ƙasa da abin da aka rubuta, a biya, ko mene ne sanadi. Aibinsa biyu: awon yana cin lokaci, kuɗin kan makara har mutum ya riga ya sayar da akuya, sannan in garinka kaɗai abin ya sama sauran komin ya yi kyau, matsakaicin ya shanye ka.

Ni ra'ayina, a faɗa wa mambobi gaskiya tun farko cewa ba riba ake nema ba. A misalin Mai Lissafi, jika 2 da rabi sau shekara 10 jika 25 ne, in tallafi ya janye ya koma jika 50. Kamfani kuma dole abin da ya tara ya fi abin da ya biya, da albashi da haraji da kason babban kamfanin da ke tsaya masa. Furoje shekara 3 ko 5 yake yi ya naɗe tabarma. Ku tambaya nawa kuɗin zai koma ranar da ya tafi. Kuma farashin ba ɗaya ba ne ko'ina: Magarya da ke samun wajen milimita 500 zuwa 600 ba za a yanka mata kamar Tanut mai 200 zuwa 300 ba. Inda fari ke zuwa shekara ɗaya cikin uku, ko dai kuɗin ya yi tsada, ko a sauke ma'aunin ƙasa sosai har ya zama ba ya biya sai an yi shekarar da ake sa wa suna.

Saboda haka ku rufe bashin kawai, kada ku ce za ku rufe duk abin da gona za ta bayar. Ku kuma rage bashin. A sa taki kaɗan a ramin shuka maimakon watsawa: hekta mai rami 10.000, giram 6 na takin NPK 15-15-15 a kowane rami kilo 60 ne, ko giram 2 na takin DAP kilo 20. Wanda ya ranci buhu 3 ya watsa a jigawa ya ƙara wa kansa nauyin da inshora ba za ta ɗauke ba.

Almajirin Birni

Game da tambayar dattawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci mai tsayayyen kuɗi tana da garari mai yawa, wato sayen abin da ba a san zai samu ko ba zai samu ba, don haka ba ta halatta ba. Ta halatta ta taimakekeniya, wadda aka gina a kan kyauta, ita ake kira takaful. Malamai sukan kafa hujja da Ash'ariyawa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su. CIMA ta fitar da dokar takaful a 2019, ke nan hanyar a buɗe take a shari'ar ƙasa.

Suna kaɗai bai isa ba. A tambaya: abin da aka zuba kyauta ce ga asusun mambobi ko farashi ne na kamfani? In shekara ta yi kyau rarar ta wa ce? A ina ake juya kuɗin? Ladan mai kula da asusun sananne ne? Sannan bashin kansa mas'ala ce daban. In mai ruwa ne, halaccin inshora bai wanke shi ba. Ana iya neman mai ba da bashin ya sayi iri da takin ya sayar muku a kan farashi sananne zuwa kaka. Ku ɗauki takardun biyu, a fassara su da Hausa, ku kai wa malamin da garinku ya yarda da shi ya duba kafin kowa ya dangwala yatsa.

Uwar Ƙungiya

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Sakatare, ƙanena, saura abin da ke faruwa bayan an biya, don nan ƙungiyoyi ke watsewa.

In inshorar tana liƙe da bashi, kuɗin wurin mai bashi yake fara zuwa, a rage daga abin da ake bin ku. Mamba ba zai ga ko sisi a hannu ba, sai ya ce shugabanni sun cinye. A karanta wannan a gaban kowa ranar taro, a rubuta a littafin ƙungiya. A rubuta kuma kwana nawa bayan rufe damina za a biya, da hanyar da kuɗin zai bi. In ta waya ce, lambar kowa ta kasance da sunansa, kuma layin yana aiki. Layin da aka bari ya mutu lokacin ci-rani yakan riƙe kuɗin mutum wata da watanni. Gayaunar mace a rubuta ta da sunanta, ba a cikin hektar maigida ba, in ba haka ba ita ta biya shi ya karɓa. Gonar aro ko ta jingina, a rubuta sunan mai nomawa, shi ya ci bashin.

Ku kuma yanke tun yanzu yadda za ku yi a shekarar da ma'auni ya ce lafiya, alhali mutum 6 ko 7 a cikinku sun tashi babu komai. Wannan giɓin ƙungiya ce kaɗai ke iya toshe shi. Kowa ya zuba tiya 4 a kaka, ku 40 tiya 160 ke nan, buhu 4 na kilo 100. A ajiye da sunan waɗanda ɓarna ta sama su kaɗai, mutum 3 da aka zaɓa su je su ga gonar da idonsu kafin a fitar.

In kuma an duba an tarar babu inshora a komin ɗinku bana, ku nemi warantaji, wanda aka sani a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. A Oktoba ko Nuwamba ku zuba hatsi da wake a mangaza mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunku ɗaya a hannun asusun lamuni. A ranta muku wani kaso na darajar kayan a farashin kaka, ku yi kiwo ko lambu ko ƙuli-ƙuli da shi, ku biya wajen Afrilu ko Mayu, ku buɗe mangaza lokacin da tiya ta yi tsada, ku sayi iri da taki da kuɗinku. Ba ya maganin fari, amma yana rage bashin damina, wanda shi ne tsoron naku. Inda yake lalacewa: asusu ya makara da kuɗi har mutane sun riga sun kai wa ƴan kasuwa, ko a zuba kaya da ɗanyensa, ko shekarar da farashi bai tashi ba, kuɗin ajiya da na bashi su cinye ribar. Waken ku sa shi a buhun PICS mai ruɓi uku, a bushe sosai, a ɗaure kowane ruɓi daban, a ɗora a kan katako nesa da bango. A leƙa mangazar duk wata tare da mai ɗaya makullin, a ƙirga buhuna, kowa ya sa hannu.